Tukwicin masu kawo abinci da cefane: dole ne, kuma nawa ya kamata a bayar?

Uwargida:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san harkar nan ta kawo abinci da cefane har gida su fahimtar da ni. Idan mutum ya yi oda ta manhaja ya zo wajen biya, sai ya ga kuɗin kayan, ga kuɗin kawowa, ga wani wai shi kuɗin hidima, ga haraji. Bayan duk wannan kuma sai a buɗo masa gurbin tukwici da zaɓi uku ko huɗu, alhali bai ma ga fuskar mai kawowar ba, balle ya san ko zai kyauta aikin.

To shi kuɗin kawowar nan ba na ɗan aiken ba ne? In nasa ne, me ya sa za a sake neman wani? In kuma ba nasa ba ne, ina yake tafiya? Ba na son in danne haƙƙin wanda ya sha rana ko ruwan sama ya kawo mini kaya, amma kuma ba na son in riƙa biyan abu ɗaya sau biyu don rashin sani. In bayarwar ce ta dace, nawa ake bayarwa, kuma daidai ne da mai abinci da mai cefane?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki yanke shawara, ki fara sanin wa ke biyan mutumin da zai ƙwanƙwasa miki ƙofa, kuma ta yaya ake biyansa. Masu kawo kaya kashi biyu ne. Akwai ma'aikacin kanti ko na gidan abinci, mai albashi ko ladan awa, wanda sau da yawa motar kamfani yake tuƙawa, man kamfani yake ƙonawa. Akwai kuma ɗan manhaja irin na DoorDash, Uber Eats, Instacart ko Deliveroo, wanda kamfanin bai ɗauke shi a matsayin ma'aikaci ba. Ɗan kwangila ne, aike ɗaya kuɗi ɗaya. Na farkon, tukwici ƙari ne a kan abin da ya riga ya samu. Na biyun kuwa, musamman a Amurka, da tukwicin yake cin abinci.

Kuɗin kawowa da kika gani a rasit ba aljihun ɗan aike yake shiga kai tsaye ba. Asusun kamfani yake shiga, shi da kuɗin hidima, sannan kamfanin ya yanka wa ɗan aiken abin da lissafinsa ya ba shi. Wani lokaci ma a ce miki kawowa kyauta ne saboda kin yi rajistar wata-wata, amma ladan ɗan aiken bai ƙaru ba, bai ragu ba, domin dama ba da wannan lambar ake auna shi ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma kamfanin yana karɓar la'ada daga gidan abincin. DoorDash a Amurka tana da matakai uku, kashi 15, 25 da 30 cikin 100. Shi ya sa farashin abinci a manhaja yakan ɗara na cikin shagon. Hatta gidajen da ke da masu kai saƙo nasu na kansu ba lallai kuɗin kawowa ya zama na direba ba ne. Domino's a Amurka takan rubuta ƙarara a jikin kwalin fiza cewa kuɗin kawowa ba tukwicin direba ba ne.

Mu zo kan abin da ɗan aiken ke samu. DoorDash da bakinta ta ce asalin ladan aike yana farawa daga dala 2 zuwa dala 10 ko sama da haka, gwargwadon nisa da lokaci, kuma gajerun aike a can ƙasa suke tsayawa. Sai ki ɗora wannan a kan abin da mota ke ci. Hukumar harajin Amurka tana ƙiyasta kuɗin tafiyar mil ɗaya a motar aiki, da mai, da taya, da birki, da inshora, da tsufan motar, ta sa shi senti 67 a 2024, senti 70 a 2025. A ce direba yana mil 2 daga gidan abincin, gidanki kuma mil 4 daga can. Mil 6 ke nan, dala 4 da senti 20. In an ba shi dala 3 babu tukwici, ya yi asarar dala 1 da senti 20 tun ba a yi maganar lokacinsa ba. Lokacin kuwa ba kaɗan ba ne: minti 8 zuwa gidan abincin, minti 10 yana tsaye yana jiran a gama dafawa, minti 15 zuwa ƙofarki, sannan ya koma inda ake samun oda da mota babu kaya. Mai ƙaramar tsohuwar mota ba zai kashe senti 70 ba, gaskiya ne, mai keke kuma ba ya sayen mai, amma shi da gwiwarsa da hatsarin titi yake biya. A kan abin da ya rage masa kuma akwai harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin 100, wanda ma'aikaci mai albashi raba shi suke yi da kamfaninsa. Mafi ƙarancin albashin tarayya na dala 7.25 a awa, wanda ba a taɓa shi ba tun 2009, bai ma shafe shi ba, tunda a takarda shi ba ma'aikaci ba ne.

Yanzu ga amsar tambayarki ta me ya sa ake nema tun kafin a yi aikin. Sunansa ne kawai tukwici, amma a zahiri tayi ne. Da kin tura oda, wayar direba mafi kusa za ta yi ƙara, ta nuna masa kuɗin da zai samu da nisan tafiyar, ta ba shi 'yan daƙiƙoƙi ya amsa. Kuɗin da ya gani ya haɗa da asalin lada da abin da kika sa. In bai yi masa ba sai ya ce albarka, a miƙa wa na gaba. Kowane direba ya ƙi, kamfanin sai ya ɗan ƙara wani abu, har a samu wanda zai karɓa. Duk wannan cinikin ana yinsa ne abincinki na ajiye a kan kanta yana hucewa. Ko kuma a haɗa odarki da ta wani mai tukwici mai kauri a ba direba ɗaya, a fara kai ta wancan, taki ta zo daga baya. DoorDash ma ba ta ɓoye ba, a ƙarshen 2023 ta fara gwada nuna wa masu saye gargaɗi cewa odar da babu tukwici tana iya daɗewa kafin ta iso.

Batun nawa kuwa, abin da aka saba a Amurka shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma kada ya gaza dala 3 zuwa 5 komai ƙanƙantar odar. Ni dai ban yarda da auna shi da tsadar abinci ba. Abincin dala 12 daga mil 7, kashi 15 ɗinsa dala 1 da senti 80 ne, wannan ko man bai biya ba. Abincin dala 90 a leda ɗaya daga mil 1 kuma, kashi 20 ɗinsa dala 18 ne, a aikin da bai kai minti 15 ba. Wahalar ɗan aike a nisa take, da jira, da nauyi, da yanayi. Direbobi da yawa ƙa'idarsu ita ce ba sa karɓar aiken da bai kai dala 1 a kowane mil ba, wasu ma sai dala 2. Don haka ki duba nisan da manhajar ta nuna tsakaninki da gidan abincin, ki sa aƙalla dala 1 a kowane mil, kada kuma jimillar ta gaza dala 4 ko 5. Ki ƙara dala 2 ko 3 in ana ruwa ko ƙanƙara, in dare ya raba, in zai hau bene babu lifta, ko in unguwarku babu wurin ajiye mota. In kin samu rangwame kuma, ki yi lissafin a kan asalin farashin, domin rangwamen bai rage masa tafiya ba.

Hajiya Mai Cefane:

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai 'yar'uwa kin tambayi ko daidai ne da mai abinci da mai cefane, kuma ba daidai ba ne ko kaɗan.

Cefane ma iri biyu ne. Akwai wanda ma'aikatan kanti suka riga suka haɗa, direba ya zo ya ɗauki ledoji ya kawo. Wannan kusan aikin mai abinci ne, sai dai nauyi. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ne zai shiga kantin ya yi miki sayayyar da kansa, kamar yadda yawancin odar Instacart take. Ki bi shi ki ga aikin. Zai tura keken kaya ya bi layi-layi yana neman abu 40 ko 50, kowanne sai ya haska lambar jikinsa da waya ta tabbatar shi ne. Zai duba ranar lalacewar madara, ya buɗe kwalin ƙwai ya ga babu fasasshe, ya auna 'ya'yan itace a sikeli ya shigar da nauyin. In abu ya ƙare sai ya ɗauki hoton kantar ya turo miki, ya tsaya yana jiran ki zaɓi madadi. Sannan layin biya, sannan loda mota, sannan tuƙi, sannan saukewa. Sayayyar abu 40 tana iya cin awa guda a cikin kanti kaɗai, kafin a yi maganar hanya.

Ga nauyi kuma, wanda mai oda ba ya ganinsa a waya. Katan ɗin ruwa mai kwalba 24 ta rabin lita, kilo 12 ne. Katan 4 kilo 48 ke nan, kuma a allon waya abu 4 ne kacal, ga shi ruwa ba shi da tsada, don haka kasonsa a tukwici bai taka kara ya karya ba. Wanda zai hau hawa na uku da su sai ya yi sawu 2 ko 4. Duk wanda ya san odarsa akwai ruwa, ko buhun abincin dabbobi, ko manyan jarkoki, ya sa musu nasu daban, kamar dala 1 ko 2 a kowane abu mai nauyi.

A baya Instacart ta daɗe tana sa kashi 5 cikin 100 a matsayin zaɓin da mutum zai tarar an riga an danna masa. A cefanen dala 100, dala 5 ke nan a aikin awa ɗaya da rabi. Ya yi kaɗan. Kashi 10 zuwa 15 ya fi kusa da adalci, kashi 20 in sayayyar mai wahala ce.

Amma ga inda na fi so ki lura, domin mutane da yawa ba su san shi ba. In kika sa tukwicin a matsayin kaso, yana bin jimillar kuɗin ƙarshe ne. A ce kin yi odar dala 120 kin sa kashi 10, sai aka tarar nama da man girki da sabulun wanki sun ƙare a kantin, aka mayar miki da dala 35. Tukwicinsa ya sauko daga dala 12 zuwa dala 8 da rabi. Alhali abin da ya ƙare shi ya fi ba shi wahala, ya zagaya, ya tambayi ma'aikacin kanti, ya turo miki saƙo, ya jira. Ba shi ya cinye kayan kantin ba amma shi aka ci tara. Maganinsa ki rubuta adadi tsayayye, dala 12 ki ce dala 12, ba kaso ba.

Akwai kuma abin da za ki yi masa wanda ya kai kuɗi daraja. Ki zaɓi madadin kowane abu tun wajen yin oda, ko ki rubuta cewa in babu a mayar da kuɗi. Ki riƙe wayarki a hannu lokacin da yake cikin kanti, domin minti 5 da zai yi yana jiran amsarki a kan abu 6, rabin awa ya tafi. Ki rubuta lambar ƙofar gini da hawan da kike. In kaya sun iso ki duba yadda ya shirya su: ya ware ɗanyen nama daga ganye, ya raba sabulu da maganin wanki daga abinci, burodi da ƙwai suna sama, kayan firiza har yanzu da sanyinsu alamar su ya ɗauka a ƙarshe. Wanda ya yi haka ya san aikinsa, ki koma manhajar ki ƙara masa.

Abu ɗaya da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne yaudara da tukwici. Mutum ya sa dala 30 don a yi saurin ɗaukar odarsa, kaya na isowa ya goge ya mayar da shi sifili. Abin ya yi yawa a 2020 lokacin kullen korona, har Instacart ta rage wa'adin canza tukwici daga kwana 3 zuwa awa 24, daga baya a 2022 ta ce za ta biya mai cefane har dala 10 in an goge masa ba tare da an kai ƙorafi ba. Wannan ba rowa ba ce, cin amana ce, domin a kan wannan adadin ya amince ya yi aikin.

Motocin manyan kantuna masu direbobi 'yan albashi kuwa daban suke. Wasu kamfanonin ma sun hana ma'aikatansu karɓa. In kin miƙa ya ce an hana su, kada ki matsa masa, kina iya jawo masa matsala a wajen aiki.

Ɗan Ƙwadago:

Ranku ya daɗe Malam da Hajiya, lissafinku daidai ne, ban ja da ko lamba ɗaya ba. Inda na saɓa da ku shi ne wanda kuka ɗora wa nauyin. Lada haƙƙi ne, tukwici kyauta ce. Haƙƙin ma'aikaci yana wuyan wanda ya sa shi aiki ne, a biya shi kafin guminsa ya bushe. Kamfanin ne ya tsara farashi, shi ya karɓi la'ada daga gidan abinci, ya karɓi kuɗin kawowa da na hidima daga mai saye, sannan ya bar ɗan aike da mai saye suna kallon juna, wannan na ganin rowa, wancan na ganin kwaɗayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma akwai dalilin da ya sa mai saye zai yi shakka, domin an taɓa yi. Tsakanin 2017 da 2019 DoorDash tana da tsarin da take yi wa direba alƙawarin wani adadi a kowane aike, sai ta cike adadin da tukwicin mai saye. In an yi masa alƙawarin dala 7 kika ba da dala 3, kamfanin sai ya biya dala 4. In ba ki ba da komai ba, ya biya dala 7 ɗin. Direba dai dala 7 ce ko ta yaya, kyautarki kamfani ta rage wa kashe kuɗi. Da abin ya fito fili a 2019 suka canza tsarin. Birnin Washington ya kai su kotu, suka sasanta a kan dala miliyan 2.5 a 2020, jihar New York kuma a kan dala miliyan 16.75 a 2025. Instacart ma a farkon 2019 ta janye irin wannan tsari bayan masu cefane sun yi ca. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa Amazon ta biya dala miliyan 61.7 na tukwicin direbobin Amazon Flex, wato 'yan kwangilar da ke kai mata kaya, da aka riƙe. Yanzu manyan manhajojin duk suna cewa tukwici gaba ɗayansa na direba ne. To amma ko da sun cika wannan, babu abin da ya hana su rage asalin ladan tunda sun san mai saye zai cike. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ya canza al'amari a inda ya canza, doka ce. Birnin New York ya sa wa masu kawo abinci ta manhaja mafi ƙarancin lada na dala 17.96 a awa daga Disambar 2023, ya koma 19.56 a Afrilun 2024, sannan 21.44 a Afrilun 2025, ban da tukwici. Da dokar ta fara aiki sai manhajojin suka ƙara wa masu saye kuɗi, suka kuma mayar da gurbin tukwici zuwa bayan an gama biya. Dokar farkon ba ta haɗa da masu cefane ba. Birnin Seattle ya fara tasa dokar a Janairun 2024, senti 44 a kowane minti da senti 74 a kowane mil. Kalifoniya tun 2020 tana da tsarin kashi 120 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin yankin, amma a nan gizo ke saƙar: lokacin da aka karɓi oda zuwa lokacin da aka sauke ta kawai ake ƙirgawa. Awannin da direba zai yi a mota yana jiran wayarsa ta yi ƙara ba sa cikin lissafi.

A Turai ma haka ake ta fama. Sifaniya ta yi doka a 2021 da ta ɗauki masu kai saƙo a matsayin ma'aikata, Deliveroo ta tattara ta bar ƙasar a shekarar. Kotun Ƙolin Birtaniya kuma a Nuwamban 2023 ta ce masu keken Deliveroo ba ma'aikata ba ne ta fuskar ƙungiyar ƙwadago. Tarayyar Turai ta amince da dokar ma'aikatan manhaja a 2024, ta ba ƙasashe shekara 2 su shigar da ita cikin dokokinsu.

Don haka Hajiya mai tambaya, amsar tana bin ƙasar da kike. A Japan da Sin ba a saba da tukwici ba, babu mai tsaye yana jiransa. A Birtaniya da Jamus fam ɗaya ko biyu, yuro ɗaya ko biyu, kyautatawa ce, kuma in ba ki bayar ba babu mai ganin laifinki. A yawancin jihohin Amurka, inda babu waccan doka, na yarda da Malam, ki bayar. Hana tukwici don nuna fushi ga kamfani ba ya taɓa kamfanin, ya riga ya karɓi nasa. Mai son ya nuna fushi ya daina amfani da manhajar, ko ya kira gidan abincin kai tsaye, ko ya goyi bayan dokar lada in ta zo garinsu.

Uwargida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Saura biyu. Tunda an taɓa riƙe kuɗin direbobi, ba gara in riƙa bayarwa a hannu ba? Sannan in abinci ya zo a makare ko da sanyi, ko wani abu ya ɓata a ciki, ya halatta in rage abin da na sa?

Malam Mai Lissafi:

Amin Hajiya. Kuɗi a hannu yana da kyau ta fuska ɗaya, kin tabbata ya shiga aljihunsa a take. Matsalarsa ita ce direba ba ya ganinsa lokacin da ake yi masa tayi. Abin da zai gani dala 2 ko 3 ne a mil 6, sai ya ƙi. In kin rubuta a gurbin bayani cewa za ki bayar a hannu, galibi sai bayan ya karɓi odar zai ga rubutun, kuma an sha yi musu wannan alƙawari ba a cika ba, sun daina dogara da shi. Ki raba shi gida biyu. Ki sa kuɗin nisan a manhaja don a ɗauki odar da wuri, ƙarin kyautatawa kuma ki miƙa a hannu ko ki ƙara ta manhajar bayan kaya sun iso. In kin zaɓi a ajiye a bakin ƙofa, ambulan da aka rubuta na mai kawowa ne ya wadatar.

Batun ragewa kuwa, ki fara gano laifin waye. Gidajen abinci da yawa suna liƙe leda da sitika ko su ɗinke ta da ƙarfen takarda, kuma an hana direba buɗewa. In an manta da lemo ko miya, ko an sa abin da ba ki ce ba, daga kicin ne. Wannan ki shiga manhaja wajen kai ƙorafi, ki ɗauki hoton abin da ya zo da rasit, a mayar miki da kuɗinki. Rage tukwici ba zai dawo miki da abin da ya ɓata ba, wanda bai ji ba bai gani ba kawai zai cutu.

Jinkiri ma taswirar manhajar za ta gaya miki gaskiya. In kin ga an daɗe ba a samu direba ba, to tayin ne ya yi kaɗan ko odar ta yi yawa a lokacin. In kin ga alamarsa tsaye a gidan abincin minti 20, kicin ne bai gama ba, kuma shi ma asara yake yi. In an rubuta yana da wani wurin tsayawa kafin naki, kamfanin ne ya haɗa masa oda biyu. Duk waɗannan ba nasa ba ne. Nasa shi ne in ya ɗauki abincin ya nufi wata uwa duniya ba tare da manhajar ta nuna yana da wata oda ba, wanda sau da yawa alama ce yana yi wa manhaja biyu aiki a lokaci guda. Ko ya karkata kwalin har miya ta zube, ko ya ajiye a ƙofar da ba taki ba alhali adireshin daidai yake, ko ya yi miki rashin kunya, ko ya tsaya yana roƙon ƙari. A nan kina da hujjar ragewa, kuma ki kai ƙorafi da bayani. Uber Eats tana ba da awa ɗaya bayan kawowa a canza adadin. A DoorDash ƙarawa ce ke da sauƙi, ragewa sai an bi ta wajen masu kula da abokan ciniki.

Ki yi hattara da taurarin da ake ba da maki da su a manhaja kuma. Mutane sukan ba direba tauraro ɗaya don abinci bai yi daɗi ba, ba su san wannan makin a kansa yake sauka ba. DoorDash ta daɗe tana cewa wanda makinsa ya faɗi ƙasa da 4.2 cikin 5 ana iya rufe masa asusu, rufe asusu kuwa kora ce daga aiki. In akwai gurbin auna gidan abinci daban da na direba, ki sa kowane ƙorafi a muhallinsa.

In wata ya yi nisa aljihu ya yi sanyi, akwai hanyoyin da ba za ki cuci kowa ba. Ki zaɓi gidan abincin da bai wuce mil 1 ko 2 ba, dala 4 ko 5 ta isa a can. Ki haɗa cefanen mako a oda ɗaya maimakon uku. Ko ki yi odar ki je ki ɗauko da kanki, kin huta da kuɗin kawowa da tukwicin baki ɗaya.

Hajiya Mai Cefane:

Ƙari kaɗan a kan taswirar da Malam ya ambata. Ki duba inda alamar gidanki ta sauka a manhajar, domin wani lokaci adireshin daidai ne amma alamar tana bayan layi ko a ginin maƙwabta, direba kuma alamar yake bi. Ki gyara ta sau ɗaya, ki rubuta launin ƙofa ko wani abu da zai gane, in dare ne ki kunna fitilar waje. A ginin da ke da ƙofofi da yawa ki faɗi ta wacce zai shiga. In kaya masu nauyi ne kuma kina da mai taimaka miki, ku sauko ku tare shi a ƙasa, domin motarsa tana iya kasancewa a inda za a manna masa takardar tara, kuma tarar ajiye mota guda ɗaya tana iya cinye abin da ya samu a yinin.